Kare ya tare a gidan maguna

Yaya, hoton da ka gani gaskiya ne, ba haɗi aka yi ba. Kare ne kwance a ƙofar kicin ɗinmu a Bamingam ta Ingila, wadda kuma ke kan firji tana harararsa Tabawa ce, magen da ka sani tun zuwanka. Yanzu shekararta 13, muzurunmu Goje kuma 11. Ka tambaye ni yaushe Bahaushe ya fara kwana gida ɗaya da kare, da yadda aka yi magunan ba su yi yaji ba.

Kada ka ɗauka duk haka muke a nan. Yawancin gidajen Hausawa mage suke ajiyewa, kare sai ɗaiɗaiku, kuma akwai ƙawata da ta daina cin abincina tun da ya zo. Ban ga laifinta ba. Mu sau biyu ɓarayi suna hauro mana ta lambun baya, ga maigidan yana aikin dare. Mun tambayi malami, ya tuna mana cewa a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, amma hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da akwai kare yana nan daram. Har ya kawo labarin Ibn Abi Zaid mai Risala, da katangarsa ta faɗi ya ajiye kare, aka ce masa Malik ya karhanta, ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Saboda haka namu ba ya hawa bene, ba ya leƙa falon da muke salla, kwanonsa daban.

A nan ma akwai masu sayar da kwikwiyo kamar a gida, amma mu ba wajensu muka je ba. Akwai gidajen da ke karɓar karnukan da aka tsinta ko masu su suka gaza da su. Na Batasi da ke Landan tun 1860 yake, Dogs Trust kuma tun 1891. Mu wani ƙarami muka je kusa da mu. Na zaci za mu nuna da yatsa mu biya mu taho. Ina! Tambayoyi suka yi mana kamar masu binciken aure, har gida suka turo mace ta duba tsawon shingen lambu. Da maigidan ya ce a waje zai riƙa kwana, ta ce to ba za su bayar ba, sai da muka ware masa ɗakin wanki da ke jikin kicin. Abin da ya fi ba ni mamaki, rabin tambayoyinta a kan magunan ne: shekarunsu, ko sun taɓa zama da kare, ina suke gudu in sun tsorata. Wani dogo siriri da yara suka so, irin na tsere, ta hana mu shi ƙememe, domin irinsu duk ƙaramin abin da ya ruga sai sun bi. Ta zaɓa mana mai shekara 6 da ya taɓa zama da mage. Ya zo a fiɗiye, an yi masa allurai, da 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fatar wuyansa mai ɗauke da lambar rajistarsa. Doka ce ga karnuka tun 2016, maguna ma a Ingila tun Yunin 2024.

Ni dai da na ji sharuɗɗan sai na ce ai kishiya za a yi wa Tabawa. Uwargida ba a taɓa mata ɗaki, ba a canza mata lokacin abinci, amarya ce ke bin tsarin gida. Makon farko ba su ga juna ba sam. Tsumma nake goga wa karen a jiki in ajiye kusa da inda magunan ke kwana, nasu kuma in kai masa, hanci ya saba kafin ido. Sannan muka sa ɗan ƙyauren nan na hana yara hawa bene a ƙofar kicin, suna hangen juna, shi da igiya a wuya. Duk sanda ya kalli mage ya kau da kai, sai ya samu ɗan nama. Har kayan faɗar kishiya na yi: kifin gwangwani, da 'yar kujera a gindin firji, domin ƙafafun Tabawa sun tsufa, ba ta iya tsalle ɗaya ta haye.

Kuskurena a kwana na goma ne. Na ga shiru, na buɗe ƙyauren ina waya. Goje ya ruga, karen ya bi shi, da wasa ne a wajensa, amma muzurun ya shige ƙarƙashin gado ya ƙi abinci. Likitar dabbobi ta ce mage, balle tsohuwa mai ƙiba, in ta kwana biyu zuwa uku ba ta ci ba hantarta na iya taɓuwa. Da cokali na riƙa ba shi a ƙarƙashin gadon, muka koma farko. Ta kuma sa na mai da kaskon bayan gidansu sama, don kare na cin kashin mage, mage kuma in ana tsare ta a wurin sai ta riƙe fitsari ko ta yi a kan kafet.

Yau wata biyar. Goje yana wuce shi kamar bai gan shi ba, zaman 'yan marina. Tabawa kuwa sau ɗaya ta ɗauke shi da mari a hanci, tun ranar in tana shan ruwa a kwanonsa tsayawa yake a gefe har ta gama. Ka gaya wa Inna ta kwantar da hankalinta, in ta zo da bazara ɗakinta a sama yake.