Istanbul ne, kuma kyanwoyi ne dalili

'Yar uwa kin tambaya wane gari mutum ya fi so a duk inda ya taɓa zuwa, da kuma ko akwai dabbar da ya taɓa kiwo da har yanzu take ransa, to ni dai amsoshin nan biyu a haɗe suke a wajena.

Garin kam Istanbul ne na ƙasar Turkiyya. Kowa in ya je garin, Ayasofiya yake fara nufa, nima can na fara, kuma gaskiya ginin ya cancanta. An gama shi a shekarar 537 zamanin sarkin Rumawa Justiniyan a matsayin coci, da Sultan Muhammadul Fatih ya ci garin a 1453 aka mai da shi masallaci, daga baya ya zama gidan tarihi, sai a 2020 aka dawo ana sallah a ciki. In kika tsaya ƙarƙashin ƙubbar kika ɗaga kai sai wuyanki ya gaji, don tsayinta ya kai wajen mita 55. Sannan ga jirgin fito da ke tsallaka mashigin Bosforus, ki hau a Turai ki sauka a Asiya duk cikin gari ɗaya.

Amma wallahi abin da ya kama min zuciya kyanwoyin garin ne. Ko ina suke, kan kujerun shaguna, bakin masallatai, tashar jirgi, ba masu kowa ba ne amma kowa na kula da su, za ki ga an ajiye musu ruwa da abinci a gefen titi har da 'yan ɗakuna saboda sanyi, ba mai kora ba mai jifa. Akwai ma wata mai suna Gli da ta yi rayuwarta a cikin Ayasofiya, Obama ya shafa ta lokacin da ya kai ziyara a 2009, ta mutu a 2020 tana da shekara 16. Ni a ganina garin da zai riƙe dabba haka mutanensa na da tausayi, shi ya sa na fifita shi.

Ina ganinsu sai tawa ta faɗo min. Mai ruwan toka ce, tun tana 'yar mitsitsiya na tsince ta, da sirinji nake ba ta madara har ta iya lasa da kanta. Ta san ƙarar takalmina, kafin in sa makulli tana bayan ƙofa, kuma duk ranar da ba ni da lafiya ba ta matsawa daga gefena, sai ta kwanta tana wannan gurnanin nata mai sanyaya rai. Da ta tsufa sai ta fara shan ruwa da yawa tana yawan fitsari tana ramewa, likitan dabbobi ya ce ciwon ƙoda ne, kuma yana yawan kama tsofaffin kyanwoyi. An canza mata abinci, ta ɗan ƙara jimawa da mu, daga baya ta tafi. Na yi kuka sosai, har yau ban iya ɗaukar wata ba.

Don Allah duk mai kyanwar da ta manyanta, in ta ga waɗannan alamun ta kai ta a gwada jininta da fitsarinta da wuri, ciwon ba ya warkewa amma ana iya rage masa gudu.