Da wane kaya zan fara haɗa kwamfutar wasa a Garwa?

Malam, ka tambaya ko katin hoto (mai fitar da hotunan wasa a allo) ko firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) ya kamata ka fi zuba wa kuɗi. Katin hoto ne ke ɗaukar nauyin wasa, don haka ka ba shi kaso mafi tsoka, katin RTX 3060 da firosesa Ryzen 5 5600 da RAM mai giga 16 za su ishe ka.

Abin da ya fi damuna shi ne zafin Garwa, wanda ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka har ka ji injin yana gurnani. Ka sayi akwatin kwamfuta mai raga a gaba, kana kakkaɓe shi duk wata. Kada ka yi rowa wajen akwatin wuta, wato na'urar da ke raba wa kayan kwamfuta wuta, ka haɗa da UPS, wato batirin da ke riƙe wuta na ɗan lokaci, saboda ɗaukewar lantarki.