Tambaya da Amsa: An ɗauke wuta, lissafin shagona da ke cikin VirtualBox ya lalace

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da kantin magani a Gusau, manhajar da muke lissafin kaya da ita tsohuwa ce, a Windows 7 kaɗai take tashi, shi ne wani yaro ya saka mini ita cikin VirtualBox a sabuwar kwamfutar teburi. Ranar da aka ɗauke wuta muna tsakiyar ciniki, da muka kunna sai Windows ɗin ciki ya tsaya yana ta duba disk, da ya buɗe kuma cinikin ranar babu, manhajar na cewa database ya lalace. Alhali mun yi sabin. Dan Allah me ya jawo, kuma ya zan kiyaye gaba?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Kafin komai, kar ka bari kowa ya ƙara kunna injin nan ko ya ce zai gyara sai an kwafi folda ɗinsa gaba ɗaya zuwa wani disk daban, musamman babban fayil ɗin da sunansa ya ƙare da .vdi. Shi ne hadis ɗin Windows ɗin ciki. Gyara na iya ƙara ɓarna, in akwai kwafi sai a koma a sake gwadawa.

To abin da ya faru. VirtualBox manhaja ce da ke ƙirƙiro kwamfuta ta bogi, wato injin, a cikin kwamfutar gaske. Windows ɗin da ke cikinta bai san shi baƙo ba ne, shi a ganinsa hadis na gaske yake rubutu a kai, alhali duk abin da ya rubuta sai ya bi ta hannun VirtualBox, daga nan ya bi ta hannun Windows ɗin waje wato mai masauki, sannan ya isa hadis, shi ma hadis ɗin yana da ɗan memori nasa da yake tara rubutu kafin ya zauna. Kowane ɗaya cikinsu na iya riƙe rubutun a RAM don aiki ya yi sauri, RAM kuwa da wuta ta ɗauke shi ke nan, abin da ke ciki ya tafi. Kamar ka aiki yaron shago da kuɗi banki ne ya ce maka ya saka, kai ka rubuta a littafi an saka, kuɗin kuma suna aljihunsa yana jira su taru ya je sau ɗaya. In babu abin da ya same shi a hanya ba za ka taɓa sani ba.

Su NTFS na Windows da ext4 na Linux, wato tsarin da ake jera fayiloli da shi a kan disk, an gina su da sanin wuta na iya yankewa. Suna da wani ɗan littafin ajiya da ake cewa jonal, kafin su taɓa tsarin fayiloli sai sun rubuta abin da za su yi a can, sannan su tura wa disk umarnin da ake cewa flush, ma'ana duk abin da ka riƙe sauke shi yanzu kuma kar ka amsa mini sai ya zauna. Database ma haka yake yi da nasa littafin. Dukkan kariyar a kan gaskiyar amsar nan ta dogara. Kuma littafin jagoran VirtualBox da kansa ya faɗa cewa a yadda ya zo, yakan yi watsi da wannan umarni saboda sauri. Sai baƙon ya ɗauka mataki na ɗaya ya zauna ya wuce na biyu, wuta ta ɗauke, a tarar na biyu na kan disk na ɗaya babu. Shi ya sa ba cinikin minti biyar na ƙarshe kaɗai ake rasawa ba, database ɗin ne gaba ɗaya yake rikicewa. Kuma ka sani jonal ɗin NTFS tsarin fayiloli yake karewa, ba abin da ke cikin fayil ba, don haka Windows na iya cewa disk lafiya lau alhali lissafinka a birkice yake.

Gyaran saitin ba wuya. A kashe injin, a shiga Settings, a shiga Storage, a danna kan Controller, za ka ga wani akwati an rubuta Use Host I/O Cache, a cire alamar. A SATA yawanci a cire yake zuwa, a IDE kuma a kunne, amma na sha ganin masu haɗa wa mutane suna kunna shi da kansu wai don ya yi gudu, wlh wannan gudun bai kai darajar lissafin shago ba. In dole sai an bar shi a kunne, yaronka ya rubuta wannan, ya sa sunan injin a gurbin SUNA:

VBoxManage setextradata "SUNA" "VBoxInternal/Devices/ahci/0/LUN#0/Config/IgnoreFlush" 0

Wannan na disk na farko a SATA ne, in IDE ne sai a sa piix3ide a wurin ahci. A Windows ɗin waje kuma a duba Device Manager, kan hadis ɗin, shafin Policies, akwai akwatin da ke cewa a kashe write-cache buffer flushing, kar a sa masa alama. 

Amma gaskiya a yadda wutarmu take a Zamfara, ga sauyi daga layi zuwa janareta ko sola sau da yawa a wuni, saiti kaɗai ba zai ishe ka ba. Ka sayi UPS ko da ƙarami ne, wanda zai ba ka minti goma ka rufe manhaja, ka kashe Windows ɗin ciki ta Start, sannan na waje. Ka ja wa yaran shago kunne a kan alamar X ta tagar VirtualBox, in sun danna zaɓi uku ne ke fitowa, na ƙarshen da ke cewa Power off the machine daidai yake da zare waya daga soket. Na tsakiyan, Send the shutdown signal, shi ne mai kashewa cikin tsari. Kar kuma a ɗora fayil ɗin .vdi a kan filas ko hadis na USB ana aiki a kai, wayar ta ɗan motsa an shiga matsala. Sannan a riƙa lura da sararin da ya rage a hadis ɗin waje, don irin disk ɗin da ke girma da kansa in wuri ya ƙare injin tsayawa yake yi a tsakiyar rubutu.

Wani zai ce maka ai akwai snapshot, wato hoton halin da injin ke ciki da VirtualBox ke ajiyewa don a iya komawa kansa. Snapshot na da amfani kafin a saka sabuwar manhaja, amma a hadis ɗaya yake zaune da asalin kuma a kansa ya jingina, in asalin ya lalace shi ma ya tafi. Abin da nake so ka saba shi ne kullum in za a rufe shago a fitar da bakof daga cikin manhajar kanta zuwa filas da za ka tafi da shi gida, duk Juma'a kuma a kwafi folda ɗin injin bayan an kashe shi, ba yana kunne ba. Lokaci-lokaci a gwada buɗe kwafin a ga yana tashi. Tunda Microsoft ta daina yi wa Windows 7 gyaran tsaro tun Janairun 2020, in manhajar ba ta buƙatar intanet a cire wa injin netwok gaba ɗaya.

Game da wanda ya riga ya lalace, bayan an yi kwafin a shiga Windows ɗin ciki a gudanar da chkdsk /f, umarnin Windows na duba disk da gyara shi, sannan a nemi wurin gyaran database a cikin manhajar ko a kira waɗanda suka sayar maka da ita. Abin da bai taɓa isa disk ba kam ba mai dawo da shi, cinikin ranar sai dai ku sake shigar da shi daga rasit da alat na POS.