Da wanne zan fara a cikin ƙagaggun labaran zamanin Littafi Mai Tsarki?

'Yar'uwa, kin tambaya da wane littafi za ki fara, kuma ko irin waɗannan labarai ba sa ƙara wa Littafi Mai Tsarki gishiri. Suna ƙarawa mana, ai sana'arsu ke nan. Abin dubawa shi ne inda marubucin ya zuba gishirin.

Ni dai Ben-Hur zan miƙa miki, wanda Lew Wallace, tsohon janar na yaƙin basasar Amurka, ya fitar a 1880. Yahuda Ben-Hur ƙagagge ne, ɗan gidan masu hali a Urushalima da abokinsa Messala ya ci amanarsa, aka kai shi tuƙin jirgin yaƙin Romawa. Yesu kuwa jefi-jefi yake fitowa. Wurin da ya fi tsaya min a rai shi ne bakin rijiya a Nazarat: an ɗauro Yahuda, ƙishirwa ta kusa kashe shi, wani saurayi ɗan kafinta ya ba shi ruwa, bai ce uffan ba. Babu wannan a Linjila, amma bai saɓa mata ba. Farkon littafin yana da jan ƙafa, ki daure.

In tsanantawar da Nero, sarkin Roma, ya yi wa Kiristoci kike son gani, ga Quo Vadis na Henryk Sienkiewicz ɗan Foland, 1896, har Bitrus da Bulus suna ciki. Shi dai akwai zubar da jini sosai, kada ki ba yara ƙanana.