Tairista da Tirayak: Abin da Ke Cikin Regiletar Fanka

Tambaya: Malam, barka da aiki. Regiletar fankar ɗakina ta daina rage gudu, ko na murɗa ta zuwa ƙasa fankar tana juyawa da cikakken ƙarfi. Mai gyara ya ce tirayak ne ya ƙone. Mene ne wannan abu, kuma yaya yake aiki? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, mai gyaranka ya faɗi abin da ya fi yawan faruwa. Tirayak ɗan gidan tairista ne, don haka sai an fahimci tairista kafin a gane shi. Tairista makunni ne da ba shi da wani sashe mai motsi, an gina shi da silikon hawa huɗu, nau'in P da nau'in N (irin silikon biyu da suka bambanta wajen ɗaukar wuta) suna bin juna, wato P, N, P, N. Tsakanin hawayen akwai mahaɗa uku, kuma ta tsakiyar ce ke tare wuta. Yana da ƙafa uku: anod inda wuta ke shiga, katod inda take fita, sai ƙofa wadda masu gyara ke kira get.

Abin da ya bambanta shi da taransista, wani makunnin silikon da sai an ci gaba da ba shi wuta yake zama a kunne, shi ne, ƙyas ɗin wuta kaɗan a ƙofa ya isa ya kunna shi, kuma da zarar ya kunnu, ko an janye wutar ƙofar ba zai mutu ba. Dalili kuwa, hawayen huɗu suna aiki kamar taransista biyu da aka ɗaure baya da baya, kowanne yana ciyar da ɗan'uwansa. Ba ya rufewa sai wutar da ke ratsa shi ta ragu ƙwarai. Masanin kimiyya William Shockley ne ya kawo tunanin a 1950, masana a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka suka nazarce shi a 1956, kamfanin General Electric na Amurka kuma ya ƙera shi a 1957.

Wutar gidajenmu tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, saboda haka tana sauka sifili sau 100, kuma a kowace sauka makunnin yana mutuwa da kansa. Tairista gefe ɗaya kawai yake barin wuta ta wuce, tirayak kuwa ta gefe biyu. Idan ka murɗa regileta, kana jinkirta lokacin da ƙyas ɗin zai isa ƙofa ne. Gwargwadon jinkirin, gwargwadon raguwar wutar da fanka ke samu. Wannan yankan wutar ne ke jawo gurnanin da ake ji idan an rage gudu. Tirayak idan zafi ko hauhawar wuta ta ƙona shi, yawanci ƙafafunsa suna haɗewa ne a ciki, sai wuta ta riƙa wucewa ba shamaki, kamar yadda taka ke yi.

In an buɗe za a ga ɗan baƙin abu mai ƙafa uku da ƙarfe mai huda a bayansa, sau da yawa an rubuta BT136. A sauya shi da mai lamba ɗaya, a kuma duba dayak, ƙaramin abin da ke aika masa ƙyas ɗin. Ina roƙonka a kashe wuta daga tushe kafin a taɓa, domin ƙarfen bayan BT136 yana ɗauke da wuta.

Tambaya: Ko akwai tairista a cajar waya? Daga wata ɗaliba a Maraɗi.

Amsa: Malama, ba shi ke aikin ba. Caja tana mayar da wutar gida zuwa wuta mai tafiya gefe ɗaya, irin ta batir, wadda ba ta sauka sifili, don haka tairista in ya kunnu ba mai kashe shi. Ana amfani da taransista da ke kunnuwa da mutuwa sau dubbai a daƙiƙa. Inda za ki same shi kusa shi ne akwatin sidiyai na babur, inda yake sakin wutar da ke sa fulogi tartsatsi.