Madarar ta sauya ɗanɗano, gwangwanin bai sauya ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni matar aure ce a Ƙofar Ƙaura, cikin birnin Katsina, kuma ni nake kula da abincin uwar mijina, wadda take fama da ciwon suga da hawan jini. Shekara da shekaru madarar gari iri ɗaya da garin cakulan iri ɗaya nake saya mata, domin tun farko na kai wa likita ya duba bayanin jikinsu ya amince. To, a 'yan watannin nan madarar ta rage ƙamshi, garin kuma ya ƙara zaƙi, alhali suna da gwangwani suna nan yadda na san su. Shin kamfani yana da ikon sauya haɗi ba tare da sanarwa ba? In haka ne, da me mutum zai dogara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya ba Mama lafiya, Ya saka miki da alheri bisa wannan ɗawainiya. Kada ki yi saurin zargin harshenki, domin kamfanonin abinci suna sauya haɗi, kuma ba sa yin shela a rediyo idan sun sauya. Abin da doka ta ɗora musu shi ne bayanin da ke jikin kaya ya dace da abin da ke cikinsa, kuma hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ce mai sa ido a kan haka. Saboda haka gwangwanin da likita ya duba shekarun baya ya yi shaida ne a kan kansa kawai, bai yi wa na bana shaida ba.

Galibi tsada ce take jawo sauyin. Tun bayan cire tallafin mai da sakin darajar naira a 2023, kuɗin shigo da madara da alkama ya yi tashin gwauron zabi, kuma a 2024 farashin tan guda na ƙwayar koko, wadda ake yin cakulan da ita, ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya. Kamfanin da ya ji tsoron ƙara kuɗi kada masu saye su gudu, yakan rage nauyin abin da ke cikin leda, ko kuma ya maye gurbin mai tsada da mai araha. Wani lokaci kuma hukuma ce take tilasta sauyin, kamar yadda harajin da Birtaniya ta sa wa lemon kwalba mai yawan sukari a 2018 ya sa kamfanoni da dama suka rage sukarin, ko kuma ƙa'idar NAFDAC ta 2022 da ta taƙaita wani nau'in kitse mai cutar da zuciya zuwa giram 2 a cikin kowane giram 100 na mai. Kin ga ke nan ba kowane sauyi ne cuta ba, amma ga mai ciwon suga kowane sauyi abin dubawa ne.

Kwanakin baya na tsaya a wani kanti a babbar kasuwa, na ɗauki gwangwani biyu na garin shayi daga kanta ɗaya, fuskarsu ɗaya, hoton kofi mai tururi ɗaya. Da na juya bayansu sai na ga a ɗayan sukari ne na biyu a jerin kayan haɗi, a ɗayan kuma shi ne na farko, kuma kwanan watan da aka yi su ya bambanta da kusan shekara. Mai kantin da kansa ya karɓa ya ƙura ido, ya ce shi tunda yake sayar da shi bai taɓa juya bayansa ba.

Wannan jeri na kayan haɗi shi ne wurin da na fi amincewa da shi, Hajiya, domin ƙa'ida ce a jera su bisa nauyi, mafi yawa a farko, mafi ƙanƙanta a ƙarshe. Idan sukari ya matso gaba, an ƙara shi ko an rage abin da yake gabansa. Sai dai sukarin yana zuwa da sunaye da yawa a Turancin da ake rubutawa, irin su glucose syrup da dextrose, akwai kuma maltodextrin wanda ba shi da zaƙi sosai a baki amma yana ɗaga sugan jini da sauri. Game da madararki kuwa, ki nemi kalmomin filled milk ko vegetable fat. In kin gan su, to madara ce da aka cire maiƙonta na asali aka sa man tsiro, yawanci na kwakwar manja, a madadinsa. Doka ba ta hana sayar da ita ba muddin an rubuta, amma ba daidai take da cikakkiyar madarar shanu ba, kuma sau da yawa nan ne ƙamshin yake tafiya.

Lambobin da ke cikin jadawalin sinadarai su ma suna da amfani, amma ƙiyasi ne na matsakaici, wanda aka samo daga gwajin samfuri ko daga lissafin kayan haɗi, ba awon gwangwanin da ke hannunki ba. Ko a Amurka, inda ake da tsananin sa ido, ana yarda sukari ko gishiri ya zarce abin da aka rubuta da har kashi 20 cikin 100. Wurin da aka fi ruɗar mutane shi ne ma'aunin ci ɗaya, wanda kamfani yake yanka wa kansa, ya ce cokali biyu, alhali a gidajenmu cokali uku ne a tule. Ki riƙa duba layin giram 100, domin da shi ne kaɗai za ki iya gwada tsohon gwangwani da sabo. A matsayin misali, in an rubuta sukari giram 60 cikin 100, kuma kika zuba giram 30 a kofi, Mama ta sha giram 18, wato fiye da ƙaramin cokali huɗu, tun ba a kawo burodi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kimanin giram 50 a yini ga babba mai lafiya, gishiri kuma kada ya kai giram 5. Idan sodiyam aka rubuta, ki ninka shi sau biyu da rabi, shi ne gishirin, kuma dunƙulen miya da taliyar leda su ne suka fi cancantar wannan lissafi saboda hawan jininta.

Akwai wani abu da ya shafe mu mutanen iyaka. Kayan da suke shigowa ta Jibiya ko ta Kwangwalam wani lokaci sunansu ɗaya da na gida, amma an yi su ne don wata kasuwa, bayaninsu da Faransanci ko Larabci, haɗinsu ma yana iya bambanta. Ki duba ko akwai lambar rajistar NAFDAC da adireshin wanda ya yi kayan. Madarar awo da ake ɗiba daga buhu kuwa ba ta da bayanin da za a karanta sam, don haka ban ga dacewarta ga mara lafiya ba.

In akwai sauran tsohon gwangwani a kicin, kada ki yar. Ki ɗauki hoton bayansa da waya, ki ɗauki na sabon, ki kai wa likitanta duka biyun a ganinsa na gaba, tare da sakamakon awon suga da kika yi mata kafin shan shayin da kuma bayan awa biyu, na kwana uku ko huɗu. Idan kuma kika tabbatar abin da ke ciki ya saɓa wa abin da aka rubuta, ki kai gwangwanin da lambar rukuninsa da kwanan watansa ofishin NAFDAC na nan Katsina ki shigar da ƙorafi.