Zuwa ga ƙanwata mai son zama likitar jarirai a ƙasar waje

Assalamu alaikum ƙanwata.

Saƙonki ya iso. Kin ce kin kusa gama shekarar sanin makamar aiki, watannin da kika yi a ɗakin jarirai sun tsaya miki a rai, kuma kina so ki fito waje ki ƙware a fannin, ki haɗa da bincike kan cututtukan da ke kama sabbin haihuwa. Kin tambaye ni ta wace ƙofa ake shiga, kuma Ingila ko Amurka. Sai kika ƙara da cewa wai zaman gida ɓata lokaci ne ga mai son bincike. Wannan ta ƙarshen ce ta sa na zauna na yi miki dogon rubutu, amma bari mu fara da ƙofar.

Babu inda ake ɗaukar mutum kai tsaye a ce ya zama likitan jarirai. Sai kin zama likitar yara tukuna. A nan Ingila inda nake aiki, matakin farko shi ne rajista da GMC, hukumar da ke ba likitoci lasisin aiki a Birtaniya. Za ki ci jarrabawar Turanci, ko IELTS da maki 7.5 ko OET da darajar B, sannan PLAB, jarrabawar tantance likitocin da suka yi karatu a waje, kashi biyu, na biyun a Manchesta ake yin sa, ga kuma takardar shaida daga MDCN, hukumar likitocin Najeriya, cewa ba ki da wani tabo a aikinki. Wanda ya riga ya ci MRCPCH, jarrabawar kwalejin likitocin yara, yana iya samun rajista da ita ba sai ya bi ta PLAB ba. Horon likitan yara shekara 7 ne yanzu, kuma a shekarun ƙarshe ake neman gurbin jarirai, shi ma da gasa.

Abin da ba a cika faɗa wa mutane ba shi ne cin PLAB daban, samun aiki daban. Akwai likitoci da yawa riƙe da rajistarsu suna ta cike takardun neman aikin farko wata da watanni, kuɗin guzuri na ƙarewa. Guraben horo sun yi ƙaranci, kuma a 2025 gwamnati ta bayyana aniyarta ta fifita waɗanda suka yi karatun likita a Birtaniya. Ki kuma sani Najeriya na cikin jerin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce suna da ƙarancin ma'aikatan lafiya, don haka ƙa'idar nan ta hana asibitoci da dillalai zuwa farautar likitocinmu. Ke da kanki kina iya neman aiki, wannan babu laifi. Amma duk wanda ya ce miki shi wakili ne, ki ba shi kuɗi ya samo miki gurbi, ki riƙe jakarki.

Amurka kuma jarrabawar lasisin likita ce, USMLE, da shaidar ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a waje, da rabon gurabe da ake yi a watan Maris. Shekara 3 a fannin yara, wasu 3 a fannin jarirai, kuma bincike na cikin sharuɗɗan waɗannan ukun na ƙarshe. A ganina, ga mai son bincike tsarinsu ya fi tsari. Sai dai samun shiga ya fi tsada da wuya, bizar J-1 da yawancin baƙi ke horo da ita tana da sharaɗin komawa gida na shekara 2, kuma dokokin biza sun ƙara tsauri. Ki tabbatar da halin da ake ciki kafin ki biya kuɗin jarrabawa ko ɗaya.

Aikin kansa fa? Injinan da kike gani a hoto gaskiya ne, akwai su. Nan ana ƙoƙarin ceto bakwainin da aka haifa a mako na 23, wani lokacin ma 22, mai nauyin giram 500 ko 600, wanda duk tafin ƙafarsa bai kai tsawon babban yatsanki ba. Fatarsa ja ce mai sheƙi, filasta ma sai ta ɗaye ta. Za ki sa hannu ta tagogin kwalba ki nemi jijiyar da da kyar ake ganinta, kina gumi saboda ɗumin ɗakin. Amma cutar jini, wato shigar ƙwayoyin cuta cikin jinin jariri, ba inji ke fara gano ta ba. Da tsakar dare nas za ta zo ta ce, “Likita, yaron nan bai yi min ba yau.” Ba zazzaɓi, ba komai a allo, sai dai launinsa ya ɗan dusashe, madara ta ƙi wucewa, numfashi na ɗan ɗaukewa. Idan nas ɗin da ta shekara ashirin a ɗakin ta faɗi haka, tashi ake yi. A ɗebi jini, aƙalla mililita 1, a kai kalca, wato gwajin ganin ko ƙwayar cuta za ta tsiro a cikinsa, a fara magani cikin awa ɗaya. Bayan awa 36, idan babu ƙwayar da ta tsiro kuma yaro ya warware, a tsayar da maganin. Wannan tsayarwar ce abin da ya fi burge ni da na zo, ba injinan ba. Ana iya yin ta ne saboda an yarda da sakamakon lab.

Akwai kuma zaman da za ki yi da uwa da uba a ƙaramin ɗaki ki gaya musu cewa ci gaba da injin ba zai amfani ɗansu ba. Da Turanci za ki faɗa, ga mutanen da ƙila ba su yi imani da abin da kika yi imani da shi ba, ba ki da “sai haƙuri” da za ki jingina da ita. Babu jarrabawar da ke koyar da wannan.

To, mu dawo kan batun ɓata lokaci. A 2022 jarirai kusan miliyan 2.3 ne suka rasu a duniya kafin su cika kwana 28, kusan rabin duk mace-macen yara ’yan ƙasa da shekara 5. A Najeriya binciken ƙasa na 2018 ya nuna 39 cikin kowane 1,000, alhali burin da duniya ta sa wa kanta shi ne 12 zuwa 2030. Kuma ƙwayoyin da ke kashe jarirai a can da nan ba iri ɗaya ba ne. A ƙasashe masu arziki, wadda ta fi kama jariri a awa 72 na farko ita ce ƙwayar da ake kira GBS, wadda yake ɗauka daga uwa wajen haihuwa. Shi ya sa a Amurka ake gwada kowace mai ciki a mako na 36 zuwa 37, a ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta lokacin naƙuda idan tana ɗauke da ita. Littattafan da muka karanta a makaranta kan wannan hoton aka rubuta su.

Sai aka yi binciken BARNARDS, wanda Jami’ar Cardiff ta jagoranta a ƙasashe 7, da jarirai sama da 36,000. Cikin asibitocin da aka yi shi har da Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad a Kano da wasu biyu a Abuja. Sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna ƙwayar Klebsiella ce kan gaba, kuma mafi yawan ƙwayoyin danginta ba sa jin ampisilin, da yawa ma ba sa jin jentamaisin, alhali waɗannan biyun su ne magungunan farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su. Kin ga ke nan allurar da kike rubutawa kullum da safe, sau da yawa ƙwayar ta riga ta gagare ta. Binciken NeoOBS a asibitoci 19 na ƙasashe 11 ya ƙara tabbatar da matsalar, kuma daga shi aka fara gwajin NeoSep1 a Afirka ta Kudu da Kenya, ana jarraba haɗin magungunan fosfomaisin da fulomoksef da amikasin.

Ba nan kaɗai ba. Gwajin AFRINEST, wanda ya sa a 2015 aka amince a yi wa jariri sauƙaƙan magani a ƙaramin asibiti idan kai shi babba ya gagara, an yi wani sashensa a Zariya da Ibadan da Ile-Ife. Gwajin ɗora bakwaini a ƙirjin uwa tun daga haihuwa, wanda ya rage mutuwa da kashi 25 cikin 100 ga masu nauyin kilo 1 zuwa 1.8, Ile-Ife na cikin wurarensa biyar. Waɗannan ayyuka sun canja ƙa'idojin duniya, kuma a irin ɗakin da kike tsaye a ciki yanzu aka yi su.

Ko manyan fannin ma ta nan suka bi. Barbara Stoll, wadda duk mai karatun cutar jinin jarirai zai ci karo da sunanta, ta yi shekarun farkon aikinta a asibitin zawo na icddr,b da ke Dhaka a Bangaladesh, tana ƙirga marasa lafiya da ƙwayoyin da aka samu a jikinsu. Daga baya, tana Jami'ar Emory, ta yi irin wannan ƙirgar a asibitocin Amurka, ta nuna a 2002 cewa a cikin ƙananan bakwaini GBS ta sauka daga 5.9 zuwa 1.7 cikin 1,000, ita kuwa ƙwayar E. coli ta haura daga 3.2 zuwa 6.8. An toshe ƙofa ɗaya, wata ta buɗe, kuma ba wanda zai lura ba don rajistar da aka riƙe da kyau shekara da shekaru ba.

Ban ce kada ki fito ba. Ni ma ai fitowa na yi, kuma na san abin da ke korar mutum: wuta ta ɗauke ana tsakiyar ba da iska, kwalbar kalca ta ƙare, albashi ya makale. Amma idan binciken ne a ranki da gaske, akwai hanya ta uku da ba ki ambata ba. Ki yi horon ƙwarewa a gida ƙarƙashin kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma, sannan ki fito digiri na biyu ko na uku a ilimin yaɗuwar cututtuka, a makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan ko ta Liverpool, da tallafin Commonwealth ko Chevening. Chevening na son ƙwarewar aiki ta shekara 2, kuma sai kin koma gida bayan karatun. Ita makarantar Landan ɗin tana da cibiyar binciken lafiya a Gambiya, inda ake yawan aiki kan mata masu ciki da jarirai. Wanda ya bi ta nan yana da asibiti da marasa lafiya da tambayar kansa. Wanda ya shigo ta PLAB kuwa, aikin dare da jarrabawa kan cinye shekarunsa na farko, binciken ya zama sai wata rana.

Kowacce kika zaɓa, ga abin da za ki fara tun yanzu. Ki nemi izinin babban likitanku da na kwamitin ɗa'ar bincike, ki buɗe rajista ta kowane jaririn da aka zarga da cutar jini: nauyinsa, makonnin cikinsa, inda aka haife shi, ranar da ya fara ciwo, ko an ɗebi jini kafin allurar farko ko bayanta, abin da ya tsiro, maganin da ya ji da wanda bai ji ba, da yadda ya ƙare. Ki ƙulla zumunci da ma'aikatan lab, don su ne rabin aikin. Ki koyi lissafin bincike da manhajar R, kyauta ce. A zaman tantancewa, ko a nan ko a Amurka, kowa na cewa yana son jarirai. Wadda ta iya cewa ga abin da ta ƙirga a ɗakinsu, ga canjin da ya biyo baya, ita ake ƙara yi wa tambaya.

Idan kin tsara ginshiƙan rajistar, turo min in duba kafin ki fara cikewa. Ki gaida su Mama. Allah Ya yi miki zaɓin alheri.

Yayarki.